Ƙishirwar da ba ta suga ba: idan sankarar huhu ta kai ga fituwitari

A ƙasar Hausa, duk babban mutumin da ya fara yawan fitsari da yawan shan ruwa, kafin ya ga likita 'yan uwa sun riga sun yanke masa hukunci cewa suga ce. Galibi kuma gaskiyarsu ne. Sai a je kemis a soki ɗan yatsa, na'ura ta nuna lamba. Ruɗanin yana farawa ne ranar da lambar ta fito daidai. Mai kemis ya ce lafiya lau, zafin gari ne, a rage shayi. Alhali bawan Allahn nan yana shanye jaka guda ta fiya wata, leda 20, wato lita 10, daga asuba zuwa asuba. Abin da ya sha kuma haka yake fita, fari tas, ba launi ba wari. Da dare ya ajiye fo a gefen gado da kofin ruwa a ɗaya gefen, ba ya haɗa awa biyu yana barci. Alwala ta gagari riƙewa. Ruwan ma ba kowane iri yake so ba, sai mai sanyi ƙarara, har ya riƙa aiken yara nemo ƙanƙara.

Wannan wata cuta ce daban, likitoci suna kiranta dayabitis insifidus. Abubuwan da ke jawo ta suna da yawa, kuma mafi yawansu ba sankara ba ne: buguwar kai a haɗarin mota ko babur, tiyatar ƙwaƙwalwa, tarin fuka da ya hau kai, kumburi, gado, wani lokaci ma a bincika a rasa dalili. Amma a cikin dalilan akwai guda wanda ba ya yawan aukuwa, ga shi kuma da nauyi, shi ne sankarar da ta taso daga huhu ta bi jini ta sauka a wata 'yar tsoka da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari. Na zaɓi yin magana a kansa ne saboda wani lokaci wannan ƙishirwar ita ce ke fara tona asirin sankarar tun mai ita bai san yana ɗauke da ita ba, kuma saboda tana da magani ko da sankarar kanta ta wuce warkewa.

Ƙodar babban mutum tana tace ruwa kusan lita 180 daga jini kowace rana. Kusan duka tana mayar da shi jiki, abin da ke fita a matsayin fitsari bai cika wuce lita 1 zuwa 2 ba. Mafi yawan wannan mayarwar ƙoda na yin ta ne da kanta, amma kason ƙarshe, kusan lita 18 zuwa 20, yana jiran umarni daga sama. Umarnin wani sinadarin homon ne mai suna basofiresin. Idan ya iso, sai wasu ƙananan ƙofofin ruwa su buɗe a bututun ƙarshe na ƙoda, ruwa ya koma jini, fitsari ya yi kauri ya yi ja. Shi ya sa fitsarin mai azumi da la'asar yake ɗan kaɗan mai duhu. Idan homon ɗin bai iso ba, ƙofofin suna rufe, ruwan ya wuce mafitsara gaba ɗaya, ko da kuwa jikin yana bushewa.

Ba fituwitari ce ke haɗa basofiresin ba. Wasu jijiyoyi ne a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira haifotalamos suke haɗa shi, su turo shi ta wani siririn maƙogwaro zuwa ɓangaren baya na fituwitari, inda ake adana shi har lokacin buƙata. Ita fituwitari faɗinta bai fi santimita 1 ba, nauyinta kusan rabin giram, tana zaune cikin wani ɗan rami na ƙashi a tsakiyar ƙoƙon kai, can bayan hanci. Kashi biyu ce. Na gaba shi ke juya akalar wasu sassan jiki: gland ɗin maƙoshi, gland ɗin da ke saman ƙoda mai fitar da kotisol, 'ya'yan maraina da ƙwan mace, girma, da ruwan nono. Na baya kuwa rumbun basofiresin ne da wani ɗan uwansa mai sa naƙuda. Dab da samanta jijiyoyin gani na idanu biyu suke gilmawa, a gefe da gefe kuma jijiyoyin da ke juya ƙwayar ido da ɗaga fatarsa suke wucewa. Wuri ne matsattse, duk abin da ya tsiro a ciki sai ya taka wani.

To me zai kai sankarar huhu can? Jini. Duk jinin jiki sai ya ratsa huhu kafin zuciya ta harba shi ko'ina, don haka ƙwayar sankarar da ta ɓalle daga huhu ta shiga jijiyar jini ta samu hanya kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, ƙashi, hanta da saman ƙoda. A fituwitari kuwa ɓangarorin biyu ba hanya ɗaya jini ke isa gare su ba. Na baya gida ne a bakin titi, jijiya ce ke kawo masa jini kai tsaye daga babbar jijiyar wuya. Na gaba yana cikin lungu, jininsa sai ya fara ratsa wasu ƙananan hanyoyi a ƙasan haifotalamos kafin ya gangaro. Baƙo ya fi saurin faɗawa gidan bakin titi. Wani bincike da aka buga a 1975, wanda likitoci biyu, Teears da Silverman, suka yi a kan gawarwaki 88 na masu sankarar da ta kai fituwitari, ya samu cewa a fiye da rabinsu ɓangaren baya kaɗai ta kama. Sankarar mama a mata da ta huhu a maza su ne kan gaba a cikin masu yin wannan ƙaura, su biyun sun fi rabin duk abin da ake gani, sannan na ƙoda, mafitsara ta maza, hanji da sauransu.

Abin mamaki, mafi yawan waɗanda sankara ta kai musu can ba sa nuna alamar komai, sai dai a gani a hoto ko bayan mutuwa. Dalili shi ne jiki yana da rara. Sai kusan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na jijiyoyin da ke haɗa homon sun lalace kafin fitsari ya ɓalle, kuma ko rumbun ya lalace, muddin maƙogwaron da haifotalamos suna lafiya, homon na iya fita daga sama. Saboda haka duk lokacin da ƙishirwar ta bayyana, alama ce cewa ɓarnar ta yi nisa ko ta hau sama.

A nan ne ƙwararren likita yake natsuwa. Tsiro a fituwitari ba baƙon abu ba ne. Mafi yawansu wani ƙari ne mai suna adinoma, wanda ba sankara ba ne, yana girma a hankali cikin shekaru, kuma cikin tsiron da ake cirewa ta tiyata a wurin kusan 1 cikin 100 ne kawai ke zama sankarar da ta zo daga wani wuri. A hoton MRI su biyun suna iya kama da juna. Amma adinoma, komai girmansa, da wuya ƙwarai ya kawo wannan yawan fitsarin kafin a taɓa shi da wuƙa. Sankarar da ta yi ƙaura kuwa, a cikin masu nuna alamu, daga kusan ɗaya bisa uku zuwa fiye da rabi suna zuwa da shi, gwargwadon rahoton da mutum ya duba. Don haka idan aka haɗa abu uku, mutum ya haura shekara 50, ga tsiro a fituwitari, ga fitsari lita-lita, bai kamata a rubuta adinoma a ce ya dawo bayan wata shida ba. A duba ƙirjinsa. Idan mace ce a duba mamanta. Ƙarin alamu su ne ciwon kai da ya taso cikin makonni, fatar ido ɗaya ta faɗo, ganin abu biyu-biyu, ko gani ya ragu ta gefe da gefe. Wannan na ƙarshe mai shi ba ya cika lura. Sai dai a ga yana karo da ƙyauren ɗaki da kafaɗa, ko babur ya zo ta gefensa bai gan shi ba sai ya ji hon.

Sankarar huhu tana da wata fuska da ke ƙara rikita lamarin, domin tana iya jawo kishiyar wannan ciwo. Akwai nau'inta mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kashi 15 cikin 100 na duka, wanda kusan ba ya rabuwa da shan taba. Shi wannan nau'in yakan haɗa basofiresin da kansa ya zuba a jini ba tare da umarnin kowa ba. Likitoci biyu na Amurka, Schwartz da Bartter, su suka bayyana alamomin wannan yanayi a 1957 a kan majinyata biyu masu sankarar huhu. Sai jiki ya riƙe ruwa, fitsari ya ragu, gishirin jini ya tsinke, mutum ya rikice. Cuta ɗaya ke nan, homon ɗaya, amma wani majinyacin ruwa ya yi masa yawa a jiki, wani yana tsiyayewa. Na farko maganinsa a rage masa ruwa. Na biyu idan aka rage masa ruwa an kashe shi. Wanda ya taɓa jinyar mai sankarar huhu ya ji likita ya ce a taƙaita masa sha, kada ya ɗauki wannan shawarar ya kai wa wani majinyacin.

Akwai kuma wata ɓuya da ciwon yake yi. Ƙoda ba ta iya fitar da ruwa sosai sai da kotisol. Idan sankarar ta ci ɓangaren gaba na fituwitari tare da na baya, kotisol ya faɗi, sai rashinsa ya rufe yawan fitsarin. Majinyaci yana nan dai da kasala, jiri, amai, jininsa ƙasa-ƙasa, amma fitsari daidai. Ranar da aka fara ba shi deksametason, wanda ake yawan bai wa masu tsiro a ƙwaƙwalwa don rage kumburi, ko haidirokotison don cike giɓin, sai fitsari ya ɓalle cikin kwana ɗaya ko biyu. Masu jinya kan ce sabon maganin ne ya ɓata masa ƙoda, har su so a daina. Maganin bai ɓata komai ba, buɗe abin da ke lulluɓe ya yi. Sai dai a nan ma dole a auna suga, tunda deksametason yana ɗaga ta, a kuma auna sinadarin kalsiyam, domin wani nau'in sankarar huhu yana ɗaga shi har ƙoda ta daina jin umarnin homon ko da yana nan. Wasu magungunan sankara na kimo ma suna yi wa ƙoda haka. Yawan fitsari a jikin mai sankara yana da ƙofofi da dama, kowace da maganinta.

Gano ciwon kansa bai buƙatar manyan na'urori a matakin farko, kuma wannan ya kamata ya ƙarfafa wa ƙananan asibitocinmu gwiwa. A samu jarka mai tsabta. Da safe a zubar da fitsarin farko, daga nan a tara duk abin da ya fita har zuwa na farkon washegari, a auna. Idan ya haura lita 3 a babban mutum, yawan fitsari ya tabbata. Masu wannan ciwo kan cika jarka mai lita 4 kafin magariba su nemi wata. Sai a tsoma tsinken gwaji: babu suga, kuma nauyin fitsarin ya yi ƙasa da 1.005, kusan na ruwa zalla. Sai a ɗebi jini a duba sodiyam, wanda daidansa 135 zuwa 145 ne. Wanda ke samun ruwa yadda yake so, nasa kan tsaya dab da iyakar sama. Wanda ya kasa samu, ya haura. Daga nan akwai gwajin hana ruwa na wasu awanni, ana awon nauyin mutum da fitsarinsa, sannan a ba shi maganin a ga ko fitsarin zai yi kauri. Idan ya yi, matsalar daga kai take. Idan bai yi ba, daga ƙoda. Wannan gwaji a asibiti kaɗai ake yin sa, gaban ma'aikaci, kuma idan sodiyam ya riga ya hau ba a ma yin sa. A manyan cibiyoyi na Turai yanzu suna auna wani sinadari mai suna kofeftin wanda ke fita tare da homon. Hoton MRI kuma yakan nuna cewa wani ɗigon haske da aka saba gani a ɓangaren baya ya ɓace, maƙogwaron ya yi kauri, ko tsiron ya fara cin ƙashi.

Inda muke tuntuɓe a nan gida shi ne ƙirji. Mutum ya zo da tari, rama, tofar da jini, inuwa a hoton huhu, kowa tarin fuka zai fara kawowa, kuma da hujja, tunda Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya. Ga shi kuma tarin fuka ma yana iya hawa kai ya taɓa fituwitari ya kawo irin wannan fitsarin. Amma idan gwajin majina na GeneXpert bai ga komai ba, aka ba da magani wata biyu mutum sai ƙara lalacewa yake, ci gaba da ba shi har wata shida ɓata masa lokacin da ba shi da shi ne. A nan ake buƙatar hoton CT na ƙirji da ɗebo tsoka a duba. A duniya baki ɗaya sankarar huhu ita ce kan gaba wajen kisa a cikin sankarori: ƙiyasin 2022 ya nuna sabbin kamu kusan miliyan 2.5 da mace-mace kusan miliyan 1.8, kuma taba ce silar kusan kashi 85 cikin 100. Sauran kuwa har da waɗanda ba su taɓa kai sigari baki ba, mata da yawa a cikinsu, don haka “ai ba ya shan taba” ba ta isa rufe bincike ba.

Maganin ƙishirwar sunansa desmofiresin, wanda aka fi sani a kasuwa da Minirin. Basofiresin ne da aka yi wa kwaskwarima a ɗakin bincike a birnin Firag a 1967 don ya daɗe yana aiki kuma kada ya ɗaga hawan jini. Akwai ƙwaya ta haɗiya, akwai mai narkewa a ƙarƙashin harshe, akwai na fesawa a hanci, akwai allura. Wasu na hancin suna son firji, don haka a inda wuta ba ta tsayawa ƙwaya ta fi sauƙi. Aikinsa a bayyane yake tun daren farko: wanda ya yi makonni yana zarya tsakanin gado da banɗaki sai ya kwana har kiran assalatu. Haɗarinsa guda ne, kuma babba. Idan an sha maganin ƙoda ta riƙe ruwa, mutum kuma ya ci gaba da kwankwaɗa bisa sabo, gishirin jini zai faɗi, ya kawo ciwon kai, tashin zuciya, ruɗewa, har farfaɗiya. Shi ya sa ƙa'idar mai shan sa ita ce ya sha ruwa idan ya ji ƙishi kawai, a riƙa duba sodiyam, kuma likitoci da yawa kan ce a jinkirta shan ƙwaya sau ɗaya a mako har fitsari ya ɓalle ya kwashe rarar. Ba magani ba ne da za a saya a kemis don an ji labari. Idan ɓangaren gaba ma ya taɓu, ana fara cike kotisol kafin homon ɗin maƙoshi. Juya wannan tsari na iya jefa mutum cikin suma.

Ita kuwa sankarar, tunda ta kai kai, ta shiga mataki na 4. Ana iya shiga ta hanci a yi tiyata a rage tsiron, don a ceci gani, a sauƙaƙa ciwon kai, a kuma samu tsokar gwaji. Cire shi duka ba ya cika yiwuwa, kuma ba a nuna cewa tiyatar na ƙara tsawon rai sosai ba. Ana yin gashi da hasken na'ura, ko na ƙoƙon kai ko wanda ake saita wa tsiron kaɗai. Sai maganin da ke bin jiki duka: kimo, magungunan zaburar da garkuwar jiki, da ƙwayoyi irin su osimatinib ga wanda gwaji ya nuna sankararsa na da sauyin EGFR, wanda ke iya ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. A tsofaffin rahotanni matsakaicin rayuwa bayan gano cewa sankarar ta kai fituwitari wata shida zuwa bakwai ne; a sababbi yakan kai shekara ko fiye, musamman ga masu dacewa da waɗannan sabbin ƙwayoyin. Ko tsiron ya ƙanƙance, ƙishirwar ba ta cika tafiya ba, domin jijiyar da ta mutu ba ta dawowa. A arewa, asibitocin koyarwa na Shika a Zariya da na Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin wuraren da ke da sashen gashi, Nijar kuma ta buɗe nata na farko a Yamai a 2021. Nisa, layi, tsada da lalacewar na'ura duk wanda ya yi jinyar mai sankara ya san su.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne babba a ce tunda sankarar ta bazu babu sauran abin yi, a koma gida a yi ta addu'a kawai. Addu'a na nan daram. Amma mutumin da ya rage masa watanni ya fi kowa cancantar ya yi su yana barci, yana riƙe alwala, yana zama da iyalinsa ba tare da kofi a hannu ba. Ƙaramar ƙwaya sau biyu ko uku a rana tana iya ba shi wannan.

Sunan dayabitis insifidus ma ya ci rayuka. Tun zamanin da likitocin Turai ke ɗanɗana fitsari suka raba masu yawan fitsari gida biyu, mai zaƙi da lami, suka bar musu sunan dayabitis su duka. Ma'aikacin jinya mai gaggawa ya ga kalmar a kati, ya auna suga ya ga daidai, ya ɗauka babu matsala. A Landan a 2009 wani matashi ɗan shekara 22 mai wannan ciwo ya mutu da ƙishirwa a gadon asibiti bayan an yi kwanaki ba a ba shi maganinsa ba, har sai da ya buga wa 'yan sanda waya yana roƙon ruwa. A 2016 hukumar lafiya ta Ingila ta fitar da gargaɗi ga asibitocinta kan tsallake desmofiresin, a 2022 kuma ƙungiyoyin likitocin homon na duniya suka amince a sauya sunan zuwa ƙarancin basofiresin. Mu da muke kiran ɗayar suga kai tsaye, tarkon ya fi kusa da mu.

Muddin majinyaci yana cikin hayyacinsa kuma ruwa na kusa, ƙishinsa zai kare shi. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da aka shiga tsakaninsa da ruwa: amai ya hana shi sha, ko an hana shi ci da sha kafin tiyata, ko ya galabaita ba ya iya miƙa hannu, ko tsiron ya ci wurin jin ƙishi a haifotalamos ya daina jin sa ɗungurungum. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, 'yan awanni sun isa. Azumi ma haka: mai wannan ciwo kada ya ɗauka sai da yardar likitansa, kuma shari'a ta riga ta yi wa marar lafiya rangwame. Dattijai kan ƙi ajiye azumi don kunya ko don tsoron Allah. Aikin 'ya'ya ne su kawo malamin da Baba yake jin maganarsa ya yi masa bayani.

Ga mai jinya, ka rubuta sunan ciwon da sunan maganin da lokutan shansa a takarda, ka sa a aljihun majinyacin. Duk asibitin da aka kwantar da shi, tun a bakin ƙofa ka gaya wa nas cewa wannan ba suga ba ce, maganinsa ba a tsallake shi ko sau ɗaya, kuma idan ba zai iya haɗiya ba a ba shi ta allura tare da ƙarin ruwa. Idan ka ga ya fara surutai marasa kan gado, ko barci ya yi masa nauyi fiye da kima, ko harshensa ya bushe, ka nemi a auna sodiyam ɗinsa a ranar, kada a bari sai gobe.